Burkutu a gorar roba ba ci gaba ba ne, 'yan Danko

1/ Zare ne mai tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. Magana ce a kan hotunan nan da ke yawo tun shekaranjiya: wani ƙanenmu a Danko ya ɗura burkutunsa na farko a gorunan roba, ya manna musu sitika, ya jera a kan benci ya ɗauka. Ƙasan hoton sai tafi da kirari, wai matashi ya zamanantar da al'ada. Ni ban tafa ba. Ga dalili.

2/ Kafin in shiga, mutum biyu su ɗan dakata. Na farko mai cewa "haramun ne, magana ta ƙare." Ga Musulmi haka ne, babu ja, kuma ban zo nema wa kowa fatawa ba. Amma ƙasar Zuru ba ta mutum ɗaya ba ce. A gida guda za ka samu mai zuwa masallaci, mai zuwa coci, da tsohon da bai saki na kakanni ba. Kebbi ta ƙaddamar da shari'a tun 2000, tukunyar ba ta daina tafasa a ƙauyukanmu ba. Ka ce haramun ka juya baya, gorar tana nan a hannun yaro.

3/ Na biyu mai cewa "al'adarmu ce, 'yan baƙin ciki ku bar yaro ya nemi na kansa." Kai ma samu wuri ka zauna. Al'adar da kake tinƙaho da ita ba ta san gora mai murfi ba. Tukunya ta sani, da ƙwarya, da inuwar ɗorawa. Kuma ba rashin wayo ya sa kakanninmu suka bar bakinta a buɗe ba.

4/ Mu fara da abin da ke cikin gorar, don na lura da yawa cikin masu tafin ba su taɓa tsayawa kusa da murhun da ake dafa ta ba. Dawa ake jiƙawa, galibi ja, a shimfiɗa ta a lulluɓe, ana yayyafa mata ruwa har ta yi tsiro. A shanya, a niƙa, a dama, a dafa. A bari ta yi tsami, a sake dafawa, ta huce, sannan a zuba mata ɗan ragowar ta baya. Aikin kusan mako guda ne, ga cin itace ga ciwon baya.

5/ Tsiron nan shi ke juya garin dawa ya koma zaƙi. Ragowar da aka zuba kuma cike take da yis, dangin wanda mai biredi ke sa wa fulawa ta kumbura. Yis ɗin ke cinye zaƙin ya fitar da abu biyu: sinadarin da ke bugarwa, da iska. Kumfar da kake gani tana tasowa a bakin tukunya alhali babu wuta a ƙasa, iskar ce ke neman hanya.

6/ Ga inda gizo ke saƙa. Ranar da ake shan burkutu, aikin nan bai tsaya ba. Ba a tace ta tas ba, ba a kashe yis ɗin ba. Da ranta ake shanta. Shi ya sa ta safe daban da ta yamma, wadda ta kwana ta fara cizon harshe, in ta ƙara kwanaki kuwa sai dai a zubar.

7/ To kai ka ɗauki abu mai numfashi ka ɗura a robar ruwa, ka murɗe murfi tam, ka ajiye a shago cikin zafin watan Maris. Iskar ina za ta je? Gorar za ta yi tauri kamar dutse, gindinta ya turo waje. In ka yi sa'a ta yi maka wanka wajen buɗewa. In ba ka yi ba murfin ya tashi da kansa. In kuma son burga ya sa ka koma kwalbar gilashi da ka tsinto a bayan gidan biki, to ka haɗa abin da zai iya raba mutum da idonsa.

8/ "Ai ta kamfani ma a kwalba take." Eh, a kwalba take. Amma sai da aka bari ta gama aikinta a tanki, aka tace yis ɗin, aka dumama ta da zafi aunanne don a kashe sauran ƙwayoyin, sannan aka rufe a kwalbar da aka ƙera don ɗaukar matsin iska. Wannan dabara ta dumamawa daga binciken Louis Pasteur na Faransa ta samo suna, tun shekarun 1860. Mutumin har littafi guda ya rubuta a kan cututtukan giya a 1876. Kai me ka auna? Da me ka auna?

9/ Kuma kar wani ya ce dawarmu na raina. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, dole manyan kamfanonin giya da na lemon malt suka koma wa dawa. Har yau tireloli na kwasar dawar Arewa zuwa masana'antunsu. Dawa ba ta gaza ba. Abin da ke tsakaninka da su ba hatsi ba ne, tanki ne da ma'auni da ɗakin gwaji.

10/ Akwai ma waɗanda suka riga ka wannan tunani da shekaru fiye da hamsin. A Zambiya da Zimbabuwe da maƙwabtansu ana sayar da Chibuku, giyar hatsi mai kauri, 'yar'uwar burkutu. Da suka zo zuba ta a kwali, sai da suka bar wa kwalin ƙaramar kafa a sama don iska ta riƙa fita, in ba haka ba ya fashe a hanya. Da suka so sa ta a gorar roba mai murfi kuwa, sai da suka fara dumama ta suka kashe yis. Kamfani mai injiniyoyi bai yarda ya toshe mata hanci da ranta ba. Kai da sitika ka yarda.

11/ Yanzu mu bi lissafin ɗan kasuwa. Ka ɗura gora hamsin, ka sayar da ashirin ranar farko. Talatin sun kwana, sun fara kumbura, ɗanɗano ya fara juyawa. Hanya uku ce a gabanka. Ko ka zubar ka ɗauki asara. Ko ka sa a firji, kuma duk wanda ya san yadda wuta take a wajenmu ya san wannan zance ne na dariya. Ko ka zuba mata wani abu.

12/ Ta ukun nan ita ke hana ni barci. Don ba wanda ke son asara, kuma kullum akwai aboki mai shawara: ƙara mata ogogoro ta yi ƙarfi ta daɗe, jefa mata ƙwaya kaza masu sha su ji ta "kama." Burkutun tukunya ƙarfinta bai cika wuce na giyar kwalba ba, kuma tana cika ciki kafin ta kai mutum ƙasa. Da zarar an haɗa ta da abin da aka tatso da wuta da bututu, sunan ne kawai ya rage, abin ciki ya zama wani abu daban.

13/ Ku tambayi mutanen Ode-Irele a jihar Ondo. A watan Afrilun 2015 mutane suka fara makancewa suna mutuwa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, har aka fara cewa abin tsafi ne. Da aka bincika, metanol ne a cikin ogogoron da suka sha. Bayan 'yan makonni aka sake kwatawa a jihar Ribas, gomman mutane suka tafi. Metanol ba ya canza launi, hancinka ba zai gaya maka ba. Ido yake fara ɗauka.

14/ In ka ce ai wannan ogogoro ne, mu hatsi muke dafawa, to ga na hatsi. Janairun 2015, garin Chitima a lardin Tete na Mozambik. An sha giyar gargajiya ta garin masara a wajen zaman makoki, mutum 75 suka mutu, sama da 200 suka kwanta. An yi ta yaɗa cewa wani ne ya zuba ɗacin kada a ciki. Gwaji ya nuna guba ce da wata ƙwayar cuta ta haifar a cikin garin da ya lalace. Matar da ta dafa ma tana cikin mamatan. Ba mugunta ta yi ba, gari ne ya ɓaci ba ta sani ba.

15/ Ku riƙe wannan, don mun san halin da noma ke ciki a Danko-Wasagu. Gonaki nawa aka bari saboda 'yan bindiga? Dawa mai kyau ta yi tsada, mai son riba kuwa ƙasan buhu zai nema, wadda ta sha danshi ta yi fumfuna, ya ce ai dafawa za a yi. Gubar da fumfuna ke bari a hatsi, wadda likitoci ke kira afulatoksin, tafasa ba ta gamawa da ita. Hanta take ci a hankali, shekara da shekaru, ba tare da ka ji komai ba.

16/ Gorunan su kansu daga ina? Kar mu yaudari juna. Yara ke tsinto su a tasha, a gidan biki, a bola, a harabar asibiti, su sayar. Wa ya sha a ciki, me aka taɓa zubawa, fetur ne, fitsarin gwaji ne, Allah kaɗai ya sani. A ɗauraye da ruwa ɗaya a bokiti ɗaya a ce an wanke. Ban ma zo kan jarkar maganin feshin ciyawa da wasu ke mayarwa ta ɗaukar abin sha ba. Wannan ko kunu ne a ciki laifi ne.

17/ Duk wannan na lafiyar jiki ne. Babbar maganata ba ita ce ba. Babbar ita ce: tukunya tana da masu gadi, gora ba ta da ko ɗaya.

18/ Burkutun tukunya tana da fuska. An san matar da ta dafa, an san gidanta, an san ranar da take saukewa. In ciki ya murɗa wa mutum uku da dare, kafin gari ya waye kowa ya san tukunyar wa ce, kuma kasuwarta ta mutu ke nan. Wannan tsoron shi ke sa ta zaɓi dawa, ta wanke randa, ta ɗanɗana a gaban mai saye. Ba ina cewa duk masu dafawa waliyyai ba ne, ko tukunya ba ta rusa gidaje ba. Ta rusa, mun ga iyayen da suka shanye kuɗin makarantar 'ya'yansu a gindin bishiya. Amma aƙalla akwai wanda za a nuna da yatsa.

19/ Sitikar ƙanenmu fa? Na zuƙo hoton na duba. Suna mai daɗi da zanen zangarniya. Babu ranar da aka dafa, babu ranar da za ta lalace, babu adireshi, babu lambar NAFDAC. In gorar ta bi mota ta kai Zuru ko Ribah ta yi ɓarna a can, wa za a kama?

20/ Na biyu, tukunya ba ta tafiya. Kai ke zuwa wurinta, ido na ganinka. Akwai dattijo a wurin da zai ce wa yaro tashi ka ba mutane wuri. Kuma tana da lokaci. A gayya sai an kai ƙarshen kunya ake sauke ta. Samarin golmo da ke noma wa surukai shekara da shekaru ba da ƙwarya a hannu suke kama fartanya ba. Uhola sau ɗaya take zuwa, bayan amfani ya shiga rumbu. Ko wanda bai yarda da shan ba zai yarda cewa an yi mata shinge.

21/ Gora ta tsallake shingen. Tana shiga jakar makaranta. Tana shiga ƙarƙashin kujerar ɗan acaɓa, ya kurɓa a hanya ya ɗauki matarka da jaririnta. Tana zuwa wurin 'yan sa-kai da ke kwana a bakin gari da bindiga a hannu, mutanen da rayuwarmu ta rataya a kan idonsu ya zama a buɗe. Ba safe ba yamma, ba babba ba yaro.

22/ Wannan fa shi ne dalilin da NAFDAC ta bayar a farkon 2024 da ta ce ta hana giyar leda da ta ƙananan gorunan da ba su kai mililita 200 ba: arha, sauƙin ɓoyewa, sauƙin kaiwa hannun yara. An yi ta ja-in-ja da kamfanoni a kan dokar. Su masu kuɗi ana ƙoƙarin ƙwace musu wannan hanya, mu kuma muna buɗe tamu a gida muna kiranta kishin al'ada.

23/ Sai abin da ya fi ci mini rai, kuma ban ga wanda ya ambata ba a duk sharhin da aka yi. Ka ɗauki gorar burkutu ka cire sitika, ka ajiye ta kusa da gorar kunun zaƙi na jar dawa. Daga taku biyar, wa zai bambance? Launi ɗaya, kauri kusan ɗaya, gora iri ɗaya, bokitin ƙanƙara ɗaya.

24/ Ku yi tunanin ranar da baƙo Musulmi zai sauka a tasha da ƙishi ya miƙa hannu ya ɗauki wadda ba ita ba. Ko yaro ya buɗe ta a gida ya sha. Ko wani ya ɗauki bidiyo ya saka a TikTok da rubutu a sama: "Ku yi hattara da kunun 'yan Zuru." Kun san yadda irin wannan ke gudu. Ba wanda zai tsaya tambayar gorar wa ce.

25/ Wa zai biya kuɗin wannan? Matan da ke sayar da kunu da zoɓo a tasha da bakin makaranta, Musulmi da Kirista, waɗanda da ribar gora goma suke sayen omo da littafin yaro. Da kuma abin da ya fi kunu tsada: a wajenmu Musulmi na cin tuwon maƙwabcinsa Kirista ranar Kirsimeti, Kirista na cin naman layya, ba wanda ke shinshina kwano. Wannan yarda ta tsaya ne a kan cewa kowa ya san me ke cikin wace tukunya, ba a ɓoye ba a cakuɗa. Garuruwa da yawa a Arewa sun rasa irinta, kuma ba su sake samu ba.

26/ Masu kunu, ku ma kar ku yi murmushi, akwai naku. Kunun zaƙi da tsiro ko dankali ake yinsa, zaƙin nan kuwa abincin yis ne. Wanda ya kwana a rufaffiyar gora cikin zafi, ka buɗe ka ji "tsss," ya kama hanyar da burkutu ta bi. Bai kai ta ba, amma ya tashi daga kunun da kika dama jiya. In ya yi wannan kukan, yaya, a zubar. Kar a haɗa da sabo a sake sa ƙanƙara.

27/ Su kuma 'yan birni da suka cika ƙasan hoton da "Dakarkari da giya sai Allah," sannunku da tsarki. A 2018 sai da BBC ta fito da bidiyon yadda kodin ke cin matasa, har da na Kano, gwamnatin tarayya ta hana maganin tarin cikin 'yan kwanaki. Binciken da aka yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma giya ba ta cikin lissafin. A gorar lemo ake zuba kodin a sha a gaban iyaye. Dabarar ɓoyewa a gora ku kuka riga mu. Af, kuma wanda ya riƙe NDLEA a zamanin Abacha, Janar Musa Bamaiyi, ɗan ƙasar Zuru ne. A rage mana gori.

28/ Mu koma gida. Ƙanenmu ya rubuta cewa shi ya dafa da hannunsa. To, wataƙila. Amma duk wanda ya tashi a nan ya san hannun wa ke kan muciya tsawon kwanakin nan. Sana'ar mata ce, da yawansu zawarawa, wasu mazansu sun tafi aikin soja ba su dawo ba. Ranar da gora ɗaya ta yi ɓarna hukuma ta fusata, ba waya za a zo kamawa ba. Tukwanen iyayen nan za a fasa, su da ba su taɓa manna sitika a kan komai ba.

29/ Ƙanena, ban ce ka zauna ba sana'a ba. Na san yadda zaman banza ke ci, na san takardar makaranta ba ta sayen ko katin waya yanzu. Amma in da gaske ka iya fitar da tsiro mai kyau, to abin sayarwar yana hannunka tun kafin a kai ga tukunya. Busasshen garin tsiro yana wata da watanni a leda, ba ya kumbura, ba ya fashewa, masu kunu na nemansa kullum. Ɗan kaɗan daga cikinsa a kokon yaro mai kauri yana tsinka shi ba tare da an ƙara ruwa ba, yaron da ake yayewa ya sha ya ƙoshi da gaske. Masana abinci sun daɗe suna koyar da wannan.

30/ Ga Jami'ar Noma ta Tarayya a Zuru, tun 2020 take, nan kusa da mu. Maimakon tafin mutanen da ba za su zo belinka ba, je ka nemi wanda ya karanci sarrafa abinci ya nuna maka yadda ake auna danshin hatsi da yadda ake neman rajista. Wannan kayan kowa zai saya, na masallaci da na coci, kuma za ka iya rubuta sunanka da lambarka a jiki ba ka jin tsoro.

31/ Iyayen ƙasa da malamai da fastoci, ku ma kalma ɗaya. Rigimar a hana tukunya ko a bar ta ta girme ni, ba zaren nan zai raba ta ba. Amma abin da kowane ɓangare zai iya sa hannu a kai gobe da safe shi ne: kar a ga burkutu a gora, kar a gan ta a bokiti ɗaya da kunu, kar a gan ta a tasha ko kusa da makaranta. Masu dafawar da kansu za su fi kowa goyon baya, in aka kira su aka zauna da su maimakon a aika musu 'yan sanda.

32/ Wani ya turo mini saƙo yanzu wai in kawo hujjar cewa gora na fashewa, shi bai taɓa gani ba. Malam, ba sai na kawo ba. Koma kan hoto na uku a cikin waɗanda aka saka, ka zuƙo gorar da ke ƙarshen benci ta hannun dama. Dubi gindinta. Ita kaɗai ce aka jingina da bango, don ta riga ta daina tsayuwa da kanta.